Tsakanin Mota da Mota: Shekara Bakwai Babu Yaya Tijjani

A watan nan yayana Tijjani ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na so in rubuta abin da aka saba rubutawa a irin wannan lokaci, in ce mutumin kirki ne, mai zumunci, mai haƙuri, in yi masa addu'a in ajiye biro. Duk gaskiya ne, addu'ar ma ba ta yanke ba tun ranar da aka kai shi makwancinsa. Amma bana raina a ɓace yake, kuma ba zan iya ɓoyewa ba. Idon gwaggonmu ɗaya da ya rage yana neman tafiya. Akwai likita, akwai magani, amma garin nan ya kasa kai tsohuwa daga ƙofar mota zuwa ƙofar wata motar. Wannan shi ne aikin da Yaya ya yi shekaru yana yi da ƙafarsa.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidansa a Rijiyar Lemo ya san rakiyar Yaya. Kowa ya san yadda ake rakiya: ka taka wa baƙo zuwa zaure, in babba ne ka kai shi bakin titi, ku yi sallama, ka ce ya gai da gida. Yaya Tijjani bai san wannan iyakar ba. Zai fito da silifas, hula a hannu, ya ce bari ya ɗan taka maka. A bakin titi ya tsayar da adaidaita sahu, ka shiga, kana shirin ɗaga masa hannu sai ka ji ya ce matsa. Ya shigo. In aka sauke ku a 'Yan Kura ya karɓi jakarka, ya ratsa da kai ta cikin masu baro da masu talla har inda bas ke lodi. Nan ma ba lallai ya juya ba. An yi baƙon da ya raka har tashar motocin garinsu, ya tsaya sai da mota ta cika ta tashi, shi da ya fito da niyyar tsayawa a zaure. Matarsa Hajiya Rabi ta gaji da ɗumama tuwo, har ta daina zuba masa muddin akwai baƙo a gidan. Mu ƙannensa kuwa dabara muka koya, sai ya tayar da sallar nafila mu sulale.

Ni dai na sha yi masa tsiya. Na ce masa wannan ba rakiya ba ce, bin mutane ne, kuma wata rana sai ya raka wani har Legas ya dawo mana da tsarabar biredi. Ba ya jin haushi. Rannan dai na matsa masa, sai ya ce, "Binta, rakiya tana ƙarewa ne a inda baƙo ya daina buƙatarki. Ki nuna mini wurin a garin nan, wallahi in tsaya."

Na ɗauka wasa yake. Ashe haushi ne yake cin sa, ya rasa inda zai sauke.

Yaya ma'aikacin tsara birane ne, a nan ya yi aikinsa har ya kusa ritaya. Abin da ya dame shi guda ne, kuma ya ishi kowa da shi, a wurin suna, a wurin ɗaurin aure, har a zaman makoki in aka yi sake. Cewa yake ababen hawa ba su yi wa Kano kaɗan ba. Akwai jirgin ƙasa in ya ga dama ya zo, akwai motocin tasha, akwai bas, akwai tasi, akwai adaidaita kamar a rantse babu gidan da ba shi da ɗaya. Kowanne yana aikinsa, sai dai babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. Mai saukowa daga jirgi a tashar da ke nan gefen Fagge zai fito da kaya a ka yana dube-dube, babu bas ɗin da ke jiran sa. Motar ƙauye ta zube mutane a inda direba ya ga sarari. Bas ta yi lodi a can, adaidaita ya tsaya a nan, tsakaninsu titi da kwata da rana. Ya ce duk wahalar fasinja a ƙasa take, a ɗan wurin nan da ya sauka bai kai ga hawa ba, kuma wurin nan ba shi da mai shi. Ƙungiyar direbobi ta ce nata ya ƙare a ƙofar mota. Masu gina titi suka ce nasu ya ƙare a gefen kwalta.

Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. A samu wurare a gari inda motar nesa da bas da adaidaita za su haɗu a fili ɗaya, mai sauka ya ga abin da zai hau da idonsa ba tare da ya ƙetare titi ba. A yi rumfa, a sa benci, a yi banɗaki, a rubuta inda kowace mota ta nufa, a sa mai faɗa da baki saboda wanda bai iya karatu ba. Shi ke nan fa. Ya kai maganar zama bayan zama. In ya dawo na tambaye shi yaya aka ƙare, sai ya ce an yaba, an sha lemo, an kafa kwamiti. Da ya ga abin ba mai yiwuwa ba ne, sai ya koma yin sa shi kaɗai, baƙo ɗaya bayan ɗaya.

Babbar baƙuwarsa ita ce Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifinmu. Ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yaye autanmu, a hannunta aka yi mini aure. Tana zaune a wani ƙauye bayan Ringim tare da mijinta, wanda shi ma tsufa ya kwantar da shi, shi ya sa maganar ta dawo Kano da zama ba ta taso ba. Mun gwada, ta ce ba ta barin Malam a hannun jikoki. Ciwon hawan jinin ido ne ya kama ta, wanda likitoci ke kira gilakoma. Kafin a gane, na hagun ya tafi. Na daman aka tare da maganin ɗigawa, da sharaɗin duk bayan 'yan watanni ta zo asibitin ido a Sabon Gari a auna, a ga ko maganin yana riƙewa ko a sauya. Ciwon nan daga gefe yake cin gani. Gwaggo tana ganin abin da ke gabanta tsaf, amma kamar mai leƙe ta bakin tulu. Motar da ta taho daga gefe ba ta san da ita ba sai ta ji iskarta.

Zamanin Yaya wannan bai taɓa zama abin damuwa ba. Gwaggo ba ta iya roƙo ba, ko ruwa ba ta tambaya a gidan wani, kuma Yaya bai taɓa barin ta kai ga tambaya ba. Ranar asibitinta tun da sassafe yana tasha. Kafin ta sauko da ƙafa ɗaya ya riƙe ƙullin kayanta. Ya miƙa mata gefen babbar rigarsa ta kama, don ba za ta riƙe hannunsa a bainar jama'a ba, ɗan fari ne a wurinta, ko sunansa ba ta faɗa. Haka za su ratsa tashar, shi a gaba yana ba masu baro haƙuri, ita a baya tana yi masa faɗan ya rame. Ya sa ta a adaidaita, a sauke su a bakin kasuwa, ya ƙetarar da ita, su hau wani zuwa asibiti. In an gama ya maimaita komai a juye, ya tsaya jikin tagar mota sai ta tashi. Ita Gwaggo a ganinta zuwa Kano ba wani abu ba ne. Har takan ce ita ba ta ga wahalar da mutane ke faɗa ba.

Da ya rasu muka raba aikin tsakaninmu, ni ce mafi kusa tunda a Kwaciri nake, don haka yawanci ni ke zuwa. A nan na gane abin da mutumin nan yake ɗauke da shi. Kuma a nan nake tambayar kaina, da zai leƙo yau, me zai ce?

Zai ga an yi aiki, wannan ba a musu. Ya rasu ana cikin ginin doguwar gadar saman da ta ratsa Sabon Gari, yanzu ga ta nan an gama, ga wasu sun biyo baya, sama da ƙasa. Mai motar kansa yana wucewa fiu, ko kasuwar ba ya gani. To amma fasinja ba a sama yake sauka ba. A gindin gada ake zubar da shi. An kuma bi tsakiyar tituna an kafa ƙarfe da kankare don kada a ƙetare, wai saboda tsaro, madalla, sai dai ba a faɗa wa mai ƙetarewar ta ina zai bi ba. Ina ganin mata da goyo suna tattare zani suna haura ƙarfe, ina ganin dattawa da furfura suna ratsa ƙafa kamar masu shiga gonar wani. An hana tsayawa a nan, an hana a can, kuma daidai ne a hana, amma ina aka ce a tsaya? Direba yana hango jami'an hanya sai ya ƙara wuta, ya wuce da kai inda ba ka nufa ba, ko ya rage gudu ya ce yi maza ka dira. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja Yaya ya ce an cire abin da ke ɗinke 'yan guntayen tafiyar nan, ba a kawo madadinsa ba. Bai ce a dawo da shi ba, ya san ɓarnar da aka yi da shi. Cewa ya yi in ka cire tsani ka gina matakala. Har yau muna jiran matakalar.

To ga abin da ya faru a zuwan Gwaggo na baya. Mun yi da ita zan jira ta a tasha kamar kullum. Na je da wuri na tsaya. Ashe direban da ya ɗauko su bai shiga tashar ba, ya ce akwai cunkoso, kuma yana da kayan da zai sauke a kasuwa, don haka duk mai zuwa Sabon Gari ya zauna ya ƙarasa da shi. A ganinsa alheri ya yi musu. Gwaggo ta ji an ce Sabon Gari, ta ce to ai nan za ni, ta yi zamanta. Da suka iso ya hango masu kaki, ya ƙi tsayawa a inda aka saba, ya zarce can gaba ya sauke su a guje.

Na kira wayarta. Ta iya amsawa, kira ne ba ta iyawa don ba ta ganin lambobin. Na ce Gwaggo kina ina? Ta ce tana gindin wata gada. Na ce wacce? Ta ce babba. Na ce me kike gani a gabanki? Ta ce ginshiƙi. Jama'a, Kanon yanzu ina ne ba gindin gada ba? Na ce ta miƙa wa wani na kusa wayar, ta ce duk maza ne kuma kowa sauri yake. Ga ƙarar hon, ga masu sayar da magani da lasifika, ko rabin maganarta ba na ji. Daga nan wayar ta ɗauke.

Na hau adaidaita na zo, na bi gindin gadar nan ginshiƙi bayan ginshiƙi, da gwiwar nan tawa da ba ta son tafiya. Sai da rana ta take na hango ta. Tana tsaye a ɗaya hannun, ta rungume ƙullinta, ta manna bayanta da kankare, adaidaita suna shafar gefen mayafinta. Tsakanina da ita titi biyu da ƙarfe. Ina ganin ta, ina kwaɗa mata kira, ita tana kallon gabanta kawai don nan ne iyakar ganinta. Sai da na yi doguwar tafiya na samu inda ƙarfen ya karye na zagayo. Da na taɓa kafaɗarta ta zabura. Matar da ta riƙe gida guda da hannu ɗaya, ita ce na tarar leɓenta ya bushe. Daga baya ta gaya mini tun saukarta take jin fitsari, ba ta san inda za ta nufa ba. Na ji kunya, na ji haushi, kuma har yanzu da nake rubutun nan haushin bai sauka ba.

Kafin mu isa asibiti an gama karɓar kati, likita ya shiga tiyata. Ba laifinsu ba ne, mutane ne dam tun asuba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a wurin, Sista Rifkatu, mutuniyar Zariya, wadda ta san Gwaggo tun zamanin Yaya, har takan tsokane shi da cewa shi ne ɗan rakiya mafi daɗewa a layin. Ta ba mu wata ranar, sannan ta ja ni gefe. Ta ce awon da ya wuce bai yi kyau ba, likita yana son sauya magani, wataƙila ma a yi aiki. Ta ce, "Malama, abin da ciwon nan ya ci ba ya dawowa. Ki tabbatar ta zo."

Ranar ta zo, Gwaggo ba ta zo ba. Aka sake ba mu wata, nan ma shiru. A waya sai ta ce Malam ba ya jin daɗi, ko an yi ruwa hanya ta ɓaci.

Na san abin da wani mai karatu zai ce. Ku ɗaukar mata shata mana, ko ku je ku ɗauko ta da mota. Mun yi tunanin wannan kafin ka yi, kuma za mu yi in ta yarda. Amma don Allah sauran fa? Ka je layin asibitin nan ka duba. Tsofaffi ne daga Kazaure, daga Gumel, daga Bichi, daga inda ba ka taɓa ji ba, kowanne da mai ja masa gora, wanda ya bar gona ko shago ko makaranta. Wanda ba shi da mai rakiya ba ya cikin layin, yana gida, kuma babu wanda zai san da shi. Ba masu ciwon ido kaɗai ba. 'Yar kasuwar da ta saro atamfa dila guda, da mai ciki, da mai sanda, da baƙon da bai taɓa shigowa Kano ba, duk a wannan ɗan tsakanin suke shan wuya. Gari mai kasuwanni irin namu, wanda kullum cikin karɓar baƙi yake, a ce sai kana da ɗan'uwa mai lafiyar ƙafa kafin ka iya sauya mota? Haba.

Kuma kada a ce mini babu kuɗi. Wanda ya iya ɗaga titi sama ya iya kafa rumfa da benci a ƙarƙashinsa. Ana ta maganar sabon jirgi, ana maganar manyan bas, ina murna, Allah Ya tabbatar. Tambayata ita ce tambayar Yaya: in mutum ya sauka daga sabon jirgin, sai me? Wa ya zauna da direbobin tasha da 'yan adaidaita da masu bas a ɗaki ɗaya ya ce ga inda za ku haɗu? Matsalar rumfa da benci ita ce ba a yanka musu kirtani, ba a kiran 'yan jarida. Shi ya sa babu mai marmarin yin su.

Wani lokacin har shi Yayan nake jin haushinsa, Allah Ya gafarta mini. Ya yi abin da kyau har ya rufe ramin, mu da muke gidan ma ba mu san zurfinsa ba sai da ya tafi. Na duba abin da ya bari. A ofis ban ga komai ba, ban san ko akwai mai tuna abin da ya yi ta faɗa a can ba. A titi ma babu. Abin da ya rage yana jikin mutane. 'Ya'yansa duk sun gaji halin, ba a rabuwa da su a zaure. Ni da nake yi masa tsiya, yanzu in na ga tsohuwa tana dube-dube a bakin kasuwa ba na iya wucewa. Wannan gado ne mai kyau, Allah Ya kai ladan kabarinsa, Ya sa ya tarar da masu tarbarsa kamar yadda ya tarbi mutane. Amma shi ba halin ya so ya bari ba. So ya yi a wayi gari ba a buƙatar irinsa, kuma wannan bai samu ba.

Makon jiya na gaji da uzurin waya, na shirya na tafi ƙauyen da kaina. Na yi sallama ba a amsa ba, na shiga. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida, idonta a rufe ruf, ta miƙa hannu tana bin bango. Ta taɓa randa, ta taɓa turmi, ta lalubo ƙofar ɗakin Malam, ta juyo ta nufi madafa. Na ɗauka idon ya gama tafiya. Na ce Gwaggo! Sai ta buɗe idon, ta gane ni sarai, har ta ce rana ta sa na yi baƙi.

Na zaunar da ita na yi mata duk bayanin da Sista Rifkatu ta yi mini. Na ce zan zo da mota har ƙofar gida, babu tasha, babu gada. Ta ce wannan karon na zo da mota, na gaba fa, da na gaban na gaba? In bar ɗalibaina da 'ya'yana in zama direbanta har yaushe? Ta ce ita ba allura take tsoro ba, ba wuƙar likita ba, wurin nan da ake sauke mutum a bar shi tsaye take tsoro, kuma ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara tsayuwa a cikinsa ba. Na yi magiya, na yi fushi, har kuka na yi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Daga ƙarshe sai na tambaye ta, to wannan bin bangon da ido a rufe na mene ne?

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Koyo nake, 'yar nan. Gara in san gidan tun ina gani."